Ranar da muka shiga ƙauyen Sarki Henry ni da 'yata

Gani ya kori ji wallahi. Shekara kusan uku kenan wani abokin aikina, dattijon Bature ne ya kusa ritaya, yake min zancen wai lallai sai naje bikin Renesans ko sau ɗaya ne, duk lokacin da kaka ta shigo ganye ya fara ja sai ya ɗauko maganar, ni kuma kullum ince masa insha Allahu. To bana dai Allah ya nufa, Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki 'yata mai shekara 9 muka kama hanya tun da safe, tafiyar awa ɗaya da wani abu daga inda muke, kuma tun kafin mu iso gosulo ya fara, in ka leƙa motar da ke gefenka sai kaga mutum riƙe da sitiyari da kwalkwalin ƙarfe a kujerar kusa dashi, wata kuma da kambin sarauniya a ka tana shan kofi. Fakin ɗin ma fili ne na ciyawa wanda ido baya ganin ƙarshensa. Daga nan ka tako da ƙafa har bakin wata ƙofar ganuwa ta katako da aka yi mata fenti kamar dutse, a samanta mutane cikin tufafin dā suna ɗaga hannu suna kiran kowa da ubangida da uwargida, ana busa, ana kaɗa ganga, ƙamshin hayaƙi da soyayyen abinci yana fitowa. 'Yata ta riƙe hannuna gam tace "Abba da gaske sarki ne a ciki?" Nace mata Mamana mu shiga dai mu gani.

Ga wanda bai san abun ba, bari in ɗan yi bayani. Wani ƙauye ne ake ginawa a cikin daji, da shaguna da dandamalin wasa da filin sukuwa, sai a ɗauki 'yan wasa su zama sarki da sarauniya da fadawa da wawan sarki da 'yan kasuwa, su riƙa magana da tsohon Turanci, kai kuma ka biya tikiti da dalarka ka shiga ka yini a cikinsu kamar ka koma baya shekara 500. Abun da ya bani mamaki da na bincika shine ba a Turai aka ƙirƙiro shi ba, ɗan Amurka ne gaba da baya. Wata malamar makaranta ce mai suna Phyllis Patterson ita da mijinta Ron suka fara shi a yankin Los Angeles ta jihar Kalifoniya a 1963, kuma na farkon ma don tara wa gidan rediyon KPFK kuɗi aka yi. Daga nan abu ya bazu, na Minnesota ya fara a 1971, na Texas a 1974, na Maryland a 1977, yanzu kam kusan duk inda kake a ƙasar akwai wani da zaka iya kaiwa a mota. Wanda muka je an ɗora shi ne a zamanin Sarki Henry na 8 na Ingila, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547, mai mata shida ɗinnan da ya sa aka sare kan biyu daga cikinsu.

To anan ne ruɗanin farko yake, kuma naga mutane da yawa a wajen basu ma lura ba. Sunan bikin Renesans, amma in ka tambayi wanda yake tsaye kusa dakai me yazo gani zaice maka zamanin tsakiya, wato zamanin barade da ganuwa da takubba. Alhali abu biyu ne daban. Zamanin tsakiya a Turai ana ƙirga shi ne daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 har wajen 1500, shekara dubu cur. Renesans kuma kalmar Faransanci ce mai nufin sake haihuwa, ya faro a biranen Italiya irinsu Fulorans a ƙarni na 14 ya bazu a hankali, lokacin da masana suka koma kan littattafan Girka da Rum, aka samu injin ɗab'i na Gutenberg a Jamus wajen 1450, aka fara ƙetara teku. Hasali ma mutanen Renesans ɗin ne suka raɗa wa zamanin da ya gabace su sunan na tsakiya, cikin raini, wai duhu ne tsakanin haske biyu. Yanzu sai gashi an haɗa mai raini da wanda aka raina a fili ɗaya ana musu biki tare.

Kuma ba su kaɗai ba ma. Cikin minti goma na farko mun haɗu da wani ƙato cikin fata da gatari wai shi Baikin ne, wato mayaƙan nan na arewacin Turai da zamaninsu ya fara wajen 793 ya ƙare wajen 1066, muka haɗu da 'yan fashin teku masu hula mai kusurwa uku waɗanda zamaninsu sai bayan 1650, ga 'yammata da fukafukai da dogayen kunnuwa irin na aljanun tatsuniya. Shi Baikin ɗin hularsa da ƙahoni biyu, 'yata ta nace sai munyi hoto dashi, mutumin kirki ne ya durƙusa daidai tsayinta. Amma Baikin na gaskiya basu sa ƙaho a kwalkwalin yaƙi ba, masu zane da masu ɗinka kayan wasan opera a Jamus ne suka yaɗa wannan siffar a ƙarni na 19. Ban ji haushin wannan ba gaskiya, don duk wanda ya ga mutum da fukafukai ya san wasa ake. Wanda ya fi damuna shine abun da yake kama da gaskiya har mutum ya tafi gida yana ganin ya koyi tarihi.

Misali abinci. Alamar bikin nan gaba ɗaya ita ce cinyar talo-talo, wata shirgegiya da ake gasawa a hayaƙi, kowa na yawo da ita a hannu yana yaga kamar wani basarake. Mu bamu ci ba saboda ban san yankan ba, kuma wajen cike yake da naman alade da giya har da wata ta zuma da suke ji da ita, don haka masara gasasshiya da soyayyen dankali da lemo muka tsaya a kai. Ina cikin ci sai abun ya faɗo min, ai duk abubuwan nan uku, talo-talo da masara da dankalin turawa, babu wanda Baturen zamanin tsakiya ya taɓa gani da idonsa. Dukkansu daga nahiyar Amurka suke, sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 suka fara ƙetarawa. Talo-talo ya iso Ingila a zamanin shi Henry na 8 ɗin, to shi yana da ɗan uzuri, amma dankali sai can wajen ƙarshen ƙarni na 16, tumatir ma baƙo ne. Abincin talakan Ingila na lokacin burodi ne mai duhu da wani fate na wake da ganye da hatsi da ake bari a kan wuta, sai giya mai rauni, nama kuwa sai jefi-jefi, kuma ranakun azumin coci da ake hana cin nama suna da yawa ƙwarai a shekara.

Inda na fi daɗewa kuma inda zuciyata ta kwanta da bikin shine rumfar wani maƙeri. Can gefe take ƙarƙashin bishiyoyi, ba hayaniya, mutum ne mai furfura a gemu da ƙyallen fata a gaba duk ya ƙone, yana da zuga-zugi na gaske babba wanda ake ja da hannu, ba na lantarki ba. Ya sa wani ɗan sandan ƙarfe a gawayi, ya ja zuga-zugin sau huɗu biyar wutar ta tashi daga ja ta koma ruwan ɗorawa, ya ciro da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, kuma abun da na lura dashi baya dukan ƙarfi, duka ne ƙanana masu sauri yana juya ƙarfen rubu'i rubu'i bayan kowane bugu har bakin ya yi tsini, sannan ya lanƙwasa shi a ƙahon maƙerar ya murɗa tsakiyar, kafin kace me ƙugiya ta fito ta rataye kaya. Ya tsoma a ruwa ya yi cuuu, tururi ya tashi, 'yata ta yi tsalle. Yace mata launin ƙarfe shine agogonsa, in ya koma ja mai duhu to lokaci ya ƙure sai a mayar wuta.

A bayansa akwai sulke rataye, na tambaye shi ko zan iya taɓawa yace in ɗaga ma. Nauyinsa ya zauna min a hannu kamar jiƙaƙƙen bargo. Sai ya nuna min bambancin da ban taɓa sani ba, yace yawancin sulken da ake sayarwa a bikin zobban a matse kawai suke baki da baki, wasu ma na alminiyom ne, in ka ja da ƙarfi sai su buɗe, amma na yaƙi na asali kowane zobe ɗaya sai an daddale bakinsa an huda an sa masa 'yar ƙusa an dake, kuma riga ɗaya tana cin zobe dubbai masu yawa, kowanne yana riƙe da huɗu. Ya ciro wani ɗan yanki kamar tafin hannu wanda yayi da kansa ta hanyar asalin, yace kwana da kwanaki ya ɗauke shi. Na tsaya ina kallon 'yan ƙusoshin nan da basu kai ƙwayar gero ba ina tunanin idon mutumin da ya yi shekaru yana wannan aikin da hasken taga. Shi ne kuma ya gyara min wani kuskure da na daɗe dashi, nace masa ai ance barade sai an ɗaga su da igiya a ɗora kan doki saboda nauyi, yayi dariya yace ƙarya ce da aka ƙirƙira daga baya, cikakken kayan ƙarfe na filin yaƙi kilo 20 zuwa 25 ne kuma nauyin a rabe yake a duk jiki, mutum yana gudu dashi yana hawa doki da kansa, zafi da ƙarancin numfashi ne matsalar ba nauyi ba. Kuma wannan kayan ƙarfe mai ƙyalli daga kai har ƙafa da muke gani a hoto sai a ƙarni na 15 ya cika, wato a ƙarshen ƙarshen zamanin, ɗaruruwan shekarun da suka gabata sulke ne da garkuwa.

Ƙarfe biyu aka yi karon mashi, shine babban abun da kowa yazo gani. An raba 'yan kallo gida biyu kowane ɓangare da baradensa da launinsa, sanƙira yana zagayawa a kan doki yana koya mana ihun da zamu yi, sarki da sarauniya suna zaune a rumfa. Dawakan manya ne masu faɗin ƙirji, in suka taso ƙasa har rawa take ƙarƙashin bencin da muke. Karo na uku mashi ya tarwatse a garkuwar ɗaya, guntayen katako suka tashi sama, shi kuma ya karkace a sirdi ƙafarsa ɗaya ta fita daga likkafa ya faɗo, wajen ya ɗauki ihu. Na san an tsara wanda zai faɗi, amma faɗowa daga doki mai gudu cikin ƙarfe ba abun da za'a tsara wa ƙashi bane, na jinjina musu ƙwarai.

Kuma a nan bikin bai yi nisa da gaskiya ba, don shi Henry ɗin ɗan karon mashi ne na gaske tun yana saurayi. A watan Janairun 1536 a Greenwich ya faɗo da doki a irin wannan wasan ya ji mummunan rauni, daga ranar bai ƙara yi ba, kuma cikin watan Mayun shekarar aka sare kan matarsa Anne Boleyn. Na Faransa ma ya fi muni, Sarki Henry na 2 a 1559 a Faris, ɓallin mashin shugaban dogaransa ya shige ta kwalkwali ya same shi a ido, bayan kwana goma ya mutu. Tun farko ma gasar ba biyu biyu ake yi ba da shinge a tsakani, a ƙarni na 12 runduna biyu ce ake sakewa a cikin gonaki su gwabza, wanda ka kama ka ƙwace dokinsa da kayansa ka nemi kuɗin fansa, wani barde William Marshal da haka ya tashi daga ba kowa ba ya zama ɗaya daga cikin manyan Ingila. Mutane na mutuwa har coci ta haramta abun a 1130, ba'a ɗage haramcin ba sai 1316. Gonakin da ake tattakewa kuwa na wasu ne.

Wasu ɗinnan su ne ban gani ba a bikin. Duk inda ka juya karan-miski ne da zinare da gashin jimina a hula, kowa ubangida kowa uwargida, in an ga talaka to ɗan barkwanci ne da ya shafa taɓo a fuska yana roƙo don a yi dariya. Alhali wajen mutum 9 cikin 10 na Turan lokacin a ƙauye suke suna noma, da yawansu a ɗaure da gonar ubangidansu, suna masa aiki kwanaki a sati, sai sun biya kafin su aurar da 'ya, dole su niƙa hatsi a injin niƙansa su biya. Ko tufafin da 'yan kallo suke ta ado dasu doka ce ta raba, a 1363 majalisar Ingila ta kafa dokar da ta fayyace abun da kowane mataki zai sa, mai garma da makiyayi da wanda dukiyarsa bata kai sule 40 ba sai yadi mai kauri mara tsada. Me ya kawo dokar? Annoba ce. Tsakanin 1347 da 1351 baƙar annoba ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Turai, ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya tashi, talaka ya fara samun abun sayen riga mai kyau, manya kuma abun ya tsaya musu a rai. Sun ma riga sun yi dokar 1351 ta daskare lada a yadda yake kafin annobar. Da aka ƙara musu da harajin kai sai tura ta kai bango, a 1381 manoma suka taso ƙarƙashin Wat Tyler suka shiga Landan, sarki Richard na 2 yana ɗan shekara 14 ya fito ya yi musu alƙawura, aka kashe Tyler a gabansa a Smithfield, daga baya aka janye alƙawuran. Ni a ganina wannan labarin ya fi karon mashi ɗaukar hankali, kuma akwai dandamali sama da biyar a wajen, ɗaya ma zai ishe shi.

Sai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda shima ban so ba. Akwai wata rumfa mai duhu ta kayan azabtarwa, ban shiga da yarinya ba amma hotunan ƙofar sun isa, har da akwatin ƙarfen nan mai siffar mace da ƙusoshi a ciki, wanda a gaskiya ba kayan zamanin tsakiya bane, a ƙarni na 19 aka harhaɗa irinsa don nuna wa masu yawon buɗe ido. Haka zancen wai basa wanka, alhali biranensu da gidajen wanka na kuɗi, ko wai sun ɗauka duniya shimfiɗaɗɗiya ce, alhali duk mai karatu a lokacin ya san dunƙulalliya ce. Ko farautar mayu da ake jingina musu ta fi ƙamari ne tsakanin 1560 da 1630, wato bayan zamanin ya wuce. Mutanen da suka gina manyan cocin nan na dutse da hannu suka kafa jami'o'in Bolonya da Faris da Oxford, bai kamata ace abun da za'a tuna su dashi shine datti da azaba ba.

Muna zaune bayan la'asar muna jiran wasan shaho sai 'yata ta jawo hannun rigata. Ta daɗe tana kallon jerin gwanon sarki da ya wuce, tace a hankali "Abba, a lokacin babu baƙaƙe ne? Babu musulmi?" Cikin 'yan kallo kam akwai kowane irin launi, har naga wani baƙar fata cikin kayan barde yana ta ɗaukar hoto da yara, amma ita fadar take nufi da labarin da ake bayarwa. Wallahi tambayar ta taɓa ni, don na san irin abun da yaro yake ajiyewa a ransa in ya ga wuri mai kyau ya ga kamar babu gurbinsa a ciki.

Nace mata Mamana akwai, kuma a wannan fadar ta wannan sarkin ma. Na ciro waya na nemo mata hoton John Blanke. Baƙar fata ne mai busa ƙaho a fadar Henry na 7 sannan ta Henry na 8, sunansa yana cikin takardun albashi tun 1507, peni 8 a rana. A watan Fabrairun 1511 da sarki ya shirya gagarumar gasar karon mashi a Westminster don murnar haihuwar ɗa namiji, an zana bikin a wata doguwar fata mai tsawon kusan mita 18 da har yanzu tana ajiye a Landan, kuma yana ciki sau biyu, a kan doki, cikin jerin masu busa, sauran duk kansu a buɗe shi kuma da rawani. Har takarda ya rubuta wa sarki yana neman a ƙara masa albashi ya kai na wani abokin aikinsa da ya mutu, sarki ya sa hannu aka mayar dashi peni 16, kuma da zai yi aure a 1512 sarki ya bashi kyautar riga shunayya da hula. Ta karɓi wayar ta buɗe hoton da yatsu biyu har fuskar ta cika gilashin, kumatunsa a kumbure yana busa, ta daɗe bata ce komai ba.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa zuwar min ɗaya bayan ɗaya, don in ka san inda zaka duba sawun yana ko'ina a cikin bikin kansa. Mai kiɗan da muka wuce yana kaɗa wani abu mai kama da rabin ƙwarya da suke kira lut, sunan da kayan duka daga udin Larabawa suke, al'ud. Mai shahon da ya fito ya cire wa tsuntsun wata 'yar hular fata daga ka, ita ma wannan hular sarkin Daular Rum Mai Tsarki Frederick na 2 wanda ya mutu a 1250 ya rubuta da kansa cewa a wajen Larabawa ya koyo ta. Lambobin da ke jikin tikitinmu, wani ɗan Italiya Fibonacci ne ya taimaka wajen yaɗa su a Turai da littafinsa na 1202 bayan ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya. A Toledo ta Andalus, bayan Kiristoci sun karɓe ta a 1085, aka zauna ana juya littattafan Larabci zuwa Latin, Gerard ɗan Cremona shi kaɗai ya fassara gommai har da Alƙanun na Ibn Sina wanda jami'o'in Turai suka riƙa karantar da likitanci dashi har ƙarni na 17. Matar Henry ta farko ma Catherine, iyayenta ne Ferdinand da Isabella da suka karɓe Garnaɗa a 1492, ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a fadar Alhambra. 'Yar Henry, Sarauniya Elizabeth, kuma a 1600 ta karɓi jakadan Ahmad al-Mansur sarkin Maroko a Landan, ya zauna wajen wata shida har aka zana hotonsa da rawani da takobi. Wanda ya fi bani mamaki tun ranar da na fara saninsa shine kuɗin zinaren Sarki Offa na Mercia a tsakiyar Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Ya sa an kwaikwayi dinarin Abbasiyawa na shekarar 157 bayan hijira, da kalmar shahada a jiki da Larabci, sai aka buga sunansa da Latin a tsakiya, kuma da alama mai bugun bai iya karanta Larabcin ba don sunan a kife yake in ka daidaita rubutun. Yana gidan tarihi na Birtaniya yanzu haka.

Ban faɗa mata duka wannan a zaune ɗaya ba, na lut da na hular shaho da na kuɗin kawai, sauran na bari sai a hankali.

Da yamma muka haɗu da abokin aikin nawa, ashe shima cikin shiga yake, rigar ɗan kasuwa da matarsa ta ɗinka masa da hannu, yana ta murna mun zo. Na bashi labarin tambayar yarinyar, ya yi shiru sannan yace shekara sama da 20 yana zuwa bai taɓa jin sunan John Blanke ba, ya sa na rubuta masa a waya. Yace min shi abun da yake kawo shi duk shekara ba tarihi bane, waje ne da mutum zai ajiye waya ya ga ana yin abu da hannu, ya yi magana da baƙo ba tare da tsoro ba, jikokinsa su yi gudu a ƙasa. Na yarda dashi ɗari bisa ɗari, don nima naji hakan, na ga mai hura gilashi da mai saƙa da mai ɗinkin fata waɗanda wannan bikin ne kasuwarsu, kuma ban taɓa ganin Amurkawa sun saki jiki da juna kamar ranar ba. Shi yasa ma abun yake min ciwo, waje mai jan dubban yara haka, da ƙaramin ƙoƙari zai iya sa mai busa ɗaya da rawani a jerin gwanon sarki kuma babu wanda zaice an ƙara gishiri, don takardun fadar ne suka faɗa. Na riga na rubuta musu saƙo cikin ladabi na tura da hoton.

Kafin mu fita muka koma wajen maƙerin, 'yata ta zaɓi ƙugiyar nan da aka ƙera a gabanta, ya naɗe mata a takarda yace ta kula bakin da tsini. Magariba ta same mu a filin fakin, na shimfiɗa darduma a gefen mota kan ciyawa muka yi sallah, can daga cikin ganuwa ana jin gangar rufe ƙofa da ihun mutane, wani mai kayan barde ya zo wucewa da kwalkwalinsa a hammata ya ganmu sai ya zagaya ta bayan motar don kar ya gifta mana. A hanya na ɗauka tayi barci, sai naji muryarta daga baya tana tambaya ko mace tana iya busa ƙaho, nace ƙwarai kuwa, tace to baɗi in zamu dawo in saya mata, kuma Umma ta naɗa mata rawani kore irin nasa.